Clarrie Zadow da Babur Ɗin Jikarsa

Clarrie Zadow mutum ne da in ka kai masa mataccen inji zai tashe shi, amma in ka yabi wani a gabansa ka ɓata masa yini. Duk garin Pinnaroo da waɗannan abubuwa biyu aka san shi. A gonar mahaifinsa aka haife shi, can gabas da gari inda yashi ke binne shinge duk shekarar da ruwa ya ƙi, gonar alkama da tumaki. Bai yi nisa a makaranta ba. Tun yana saurayi ya bi masu askin tumaki gona zuwa gona, har ranar da bayansa ya ce ya gaji, sai ya dawo gida ya riƙe gonar, yana haɗawa da gyaran famfunan iska da injinan ban ruwa na maƙwabta. Hannunsa na da kyau, kuma ba ya ha'inci. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya iya raba abin da yake so da kowa.

Akwai shekarar da ragon maƙwabcinsa ya kayar da nasa a bikin nunin amfanin gona, Clarrie ya yi damina guda ba ya ɗaga wa mutumin hannu in sun haɗu a hanya. Matarsa Beryl kuwa ta taɓa yin rawa sau ɗaya da wani direban babbar mota a wani biki, tun kafin a haifi 'yarsu Narelle. Direban ya tsufa, ya yi furfura, ya koma tafiya da sanda, amma Clarrie bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai rawar nan". Beryl ta daina yi masa faɗa a kan halin tun tuni. In ta ga ya murtuke, sai ta tura masa kofin shayi ta ce, "Yau kuma wa ya yi laifin samun abu?"

Da Narelle ta haifi Josie, duk son da Clarrie ya ƙi nuna wa mutane sai ya juye shi kan yarinyar. Gajeriya yake ce mata, ita kuma ta ce masa Kaka. Gidan iyayenta na cikin gari, amma kowace Asabar a gona take wayewa. Tana shekara bakwai ya je gwanjon wata gona da aka sayar, ya dawo da wani ɗan ƙaramin babur mai ƙafa huɗu a bayan a-kori-kurarsa, irin na yara, ja ne amma rana ta cinye jan, kaji har sun yi ƙwai a kan kujerarsa. Ya wargaza shi, ya wanke kafireta, ya sa sabon fulogi, ya ɗinke kujera da fatar tsohuwar jaka. A jikin totur akwai wani ɗan noti da ke hana shi buɗewa duka, don kada yara su yi gudu. Clarrie ya ɗaure notin nan tam. Babur ya tashi yana tafiya kamar mutum mai ɗan sauri.

Haka suka riƙa kora tumaki tare, shi a ƙasa da karensa, ita a gefe cikin hular kwano da ta yi mata yawa, tana yi wa tumaki tsawa irin tasa. Takan ce, "Kaka, ƙara masa gudu mana, kare ma wuce ni yake."

Shi kuma ya ce, "Ƙafarki ta fara kai birki tukuna, Gajeriya."

Shekarar da ta biyo baya sai ga Lyall Penhale, mahaifin mijin Narelle. Ma'aikacin gidan waya ne a birnin Adelaide da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ya sayar da gidansa ya dawo Pinnaroo kusa da ɗansa. Mutum ne siriri mai sanyin magana, rigarsa kullum a goge, bai san bambancin sifana da filaya ba. Josie na ce masa Pop. Abin da yake da shi wanda Clarrie ba shi da shi shi ne lokaci da kunne. Yarinya za ta yi ta zuba masa labarin ƙawayenta da malamarsu, yana gyaɗa kai yana tambaya kamar maganar majalisa ake.

Clarrie ya fara jin sunan a teburin cin abinci. Pop ya ce kaza. Pop ya san sunayen taurari. Pop ya taɓa shiga jirgin ruwa. Yakan haɗiye lomarsa ya ce, "To, madalla da Pop." Daga baya in yarinya ta fita ya dubi Beryl ya ce, "Mutumin da ko tayar mota bai iya canjawa ba."

Beryl ta ce, "Ai ba taya take kai masa ba."

A hutun makaranta Narelle ta roƙi a ba su babur ɗin ya yi mako a gari, akwai fili a bayan gidansu. Clarrie bai so ba, amma da kansa ya ɗora shi a mota. Da aka dawo da shi, tun kafin a sauke ya ga an manna masa hotunan walƙiya masu ruwan ɗorawa a gefe biyu. Josie ta haye, bakinta har kunne, ta murɗa. Babur ya zagaye rumfar askin tumaki da saurin da Clarrie bai san shi da shi ba. Ba wani gudun kirki ba ne, amma kare sai da ya yi sassarfa.

Ta tsaya a gabansa tana haki. "Ka gani, Kaka? Pop ne. A waya muka duba yadda ake yi. Notin nan kawai ya ɗan sassauta, ya wanke soson iska. Ni na riƙe masa sukudireba."

Clarrie ya durƙusa ya duba. An warware notin kaɗan, an kuma bar masa alamun haƙoran filaya, aikin wanda bai iya ba. Ya shafa wurin da babban yatsa. Babur ɗin da ya ciro daga kashin kaji, wanda ya yi makonni a kansa, wani mai manna kan sarki ya zo ya juya noti ɗaya, shi ne yanzu gwani.

Ya ce, "Ya yi ƙoƙari."

Ta ce, "Pop ya ce ba wuya ashe."

Wannan kalmar ce ta fi yi masa ciwo. Ranar bai ci abincin rana ba. Ya zauna a gareji yana kallon hotunan walƙiyar, yana jin kamar a goshinsa aka manna su.

Kashegari ya ce wa Beryl, "Gudu take so, ko? To za ta ga gudu."

Beryl ta ajiye wuƙar da take yanka burodi. "Kai ne fa ka ce ƙafarta ba ta kai birki ba."

"Ta girma."

"A mako ɗaya?"

Clarrie ya tashi ya ɗauki waya. Ya kira wani dillalin kayan babur a garin Murray Bridge, ya sa aka aiko masa da silinda mai faɗi da fistin ɗinta, da kafireta babba, da salansa mai buɗaɗɗen baki. Ya sauya faifan haƙoran da ke jan sarƙa. Notin totur kuwa cire shi ya yi gaba ɗaya ya jefa a gwangwanin tarkace. Hotunan walƙiya ya kankare su da reza, ya yi wa babur sabon fenti ja wur. Ga girbin alkama ya taho, ga tumaki na jiran a duba su saboda ƙudaje, amma da ya samu sarari sai gareji.

So yake ya zama abin mamaki ranar Kirsimeti, don haka ya rufe ƙofa. Asabar ta farko Josie ta zo ta ƙwanƙwasa, ya leƙo ya ce, "Ba shiga. Je ki taya kakarki." Asabar ta biyu ma haka. Ta uku ba ta zo ba. Narelle ta bugo waya ta ce Pop ya kai ta kallon tsuntsaye a daji.

Clarrie ya ajiye wayar da ƙarfi. "Kin ji ko? Ni ina nan ina ƙona hannu a kan kayanta, shi ya ɗauke ta kallon tsuntsu."

Beryl ta ce, "Kai ka kore ta, tsoho. Shi kuwa ƙofarsa a buɗe take."

"Ke ma kin koma bayansa?"

"Ni ina bayan yarinya. Ka gwada abin nan kuwa?"

Ya gwada. Ya hau da kansa a hanyar tafki, gwiwoyinsa har kunne, babur ya ɗauke shi yana gurnani kamar ba na yara ba. Sai dai Clarrie mutum ne mai jiki, nauyinsa ya danne gaban babur ɗin ƙasa. A ransa ya san nauyin Josie bai kai rabin rabin nasa ba. Tunanin ya zo masa, ya tsaya a bakin tafki da shi na ɗan lokaci, sannan ya hango fuskar Lyall lokacin da zai ji ƙarar injin nan, sai ya ture tunanin gefe. Ya ce wa kansa zai gaya mata ta bi a hankali.

Kirsimeti ta zo da zafin da ke sa kwanon rufi ƙara. Aka jera tebur a ƙarƙashin babbar bishiyar da suke kira bishiyar barkono, ga naman rago mai sanyi, ga dankali, ga kek ɗin Beryl mai 'ya'yan itace. Lyall ya zo da hular ciyawa da kyautar wani littafin tsuntsaye, Josie ta zauna kusa da shi tana buɗa shafi. Clarrie ya jure har aka gama ci. Sannan ya miƙe ya nufi gareji.

Ƙarar ce ta fara isowa. Aku masu ruwan hoda da ke kan wayar lantarki suka tashi gaba ɗaya. Ya turo babur ɗin tsakar fili yana walƙiya, ya bar shi yana ruri, ya tsaya ya rungume hannu.

Lyall ya ce, "Clarrie, wannan fa kamar ba shi ba."

"Ai ba shi ba ne. Wannan gyara ne, ba juya noti ba."

Narelle ta ce, "Baba, me ka yi masa?"

"Abin da ta roƙa. Zo, Gajeriya, ɗauko hularki."

Josie ta zo tana murmushi, amma murmushin bai kai ido ba. Ta dubi babur, ta dubi inda hotunanta suke a da. Ya ɗaure mata hular, ya ɗora ta, ya ce, "A hankali za ki taɓa." Cikin ƙarar nan ba lallai ta ji ba. Kuma yarinyar da ta saba danna totur har ƙarshe ta ga babur na rarrafe, babban yatsanta abin da ya saba ya yi.

Gaban babur ya ɗaga sama. Ta ƙanƙame kan babur, ƙanƙamewar ta ƙara danna totur, ya fizge ta ya miƙe wajen kejin tumaki. Tayar hagu ta hau wata tsohuwar kwatarniyar shayarwa, babur ya karkata ya wurgar da ita, ya ci gaba shi kaɗai har ya daki shinge ya kife, tayoyi na juyawa.

Duk da ciwon bayan nan nasa, Clarrie ne ya fara isa. Ya zube a gwiwa ya miƙa hannu biyu. Josie ta tashi zaune cikin ƙura, ta riƙe hannun hagunta da na dama, fuskarta ta yi fari fat. Ta dube shi. Sai ta miƙe ta wuce ta gefensa, ta tafi da gudu ta faɗa jikin Lyall, wanda ke tahowa a baya hularsa ta faɗi. A can ta fashe da kuka.

Clarrie na durƙushe hannuwansa a buɗe. Ya ji tsoro, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, amma a ƙarƙashin tsoron akwai ɗayan abin, yana nan daram, har ya ji kunyar kansa. Yarinya ta karye, shi kuma abin da ke ci masa rai shi ne jikin wanda ta faɗa.

Karaya ce a tsintsiyar hannu, da ƙujewa a kafaɗa. A bakin mota, kafin su wuce asibiti, Narelle ta wanke shi tas ba tare da ta ɗaga murya ba. "Baba, ba don ita ka yi ba. Kowa a wurin nan ya sani. Da 'yata ka yi gasa." Ta rufe ƙofa. Lyall ne ya zauna a baya riƙe da yarinyar.

Aka yi makonni Josie ba ta taka gonar ba. Clarrie ya gama girbi kamar wanda aka yi wa dole. Babur na nan a gareji da lanƙwasasshen kai, ya lulluɓe shi da buhu. Beryl ba ta ce masa na gaya maka ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

Wata safiya ya ji mota ta tsaya, ya leƙa, sai ga Lyall a bakin gareji da rigarsa gogaggiya.

"Sannu da aiki, Clarrie."

"Yauwa."

Lyall ya juya hula a hannu. "Na zo ne in ce maka laifina ne. Ni na fara taɓa notin nan. Da ban sa mata son gudu ba, da ba a kai nan ba."

Clarrie ya ajiye gudumar hannunsa. "Har laifin ma sai ka ƙwace mini?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ka ɗauke mini Asabar, ka ɗauke mini labarinta, yanzu ɗan laifin da na yi da hannuna shi ma kana so. Ni na yi. Ni na sa silinda, ni na cire noti. Kai ko sunayensu ba ka sani ba."

Lyall ya ce, "Gaskiya ban sani ba." Ya nemi wani bokiti ya kife ya zauna a kai, ko tsoron baƙin mai bai yi ba. "Ta tambaye ni jiya ko kana fushi da ita. Tana ganin ita ta lalata maka aiki."

Clarrie ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba a kan benci. Can ya ce, "Tsofaffin kayan suna nan. Ban zubar ba."

"In za ka mayar, zan iya riƙe maka fitila."

"Fitilar ma haska idona za ka yi."

Haka kuwa aka yi, ya haska masa ido ba sau ɗaya ba. Asabar ta gaba Lyall ya dawo, wannan karon da Josie a mota, hannunta cikin farin filasta da 'yan ajinsu suka cika da zane. Ta tsaya nesa da ƙofa. Clarrie bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba. Abin da ya ce shi ne, "Gajeriya, miƙo mini sifana ƙarama, wannan mutumin filaya yake ba ni." Ta shigo a hankali ta zaɓo daidai. Ya zazzage gwangwanin tarkace a ƙasa, su uku suka durƙusa suna tona har ita ta tsinci notin totur. Ya ba ta sukudireba ta ɗaure da hannunta mai lafiya, ya ce ta tsaya inda ranta ya kwanta. Ta ɗaure shi fiye da yadda yake tun farko.

Ta sake hawa bayan an cire filasta, amma jefi-jefi, kuma ba ta ƙara roƙon gudu ba. Kafin shekara ta zagayo hankalinta ya koma kan dawakai, babur ya tafi wajen 'ya'yan wani maƙwabci. Narelle ta huce, ko da yake ta daɗe ba ta bar yarinya a gona ba sai Beryl na nan. Lyall ya zama ɗan gida. Yakan zo shan shayi, ya zauna a gareji yana tambayar abubuwan da Clarrie ke ganin ko yaro ya sani, Clarrie na amsawa da tsaki, yana kuma jin daɗin a tambaye shi. Duk da haka in Josie ta iso ta fara gaida Lyall, sai an ga fuskar Clarrie ta canja. Yakan ƙirga wa ta fi daɗewa a wajensa. Ya san ba kyau, bai kuma daina ba.

Josie na shekarar ƙarshe a sakandare Lyall ya rasu, zuciya ce, yana cikin ban ruwa a ɗan lambunsa. Clarrie na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar, da ciwon bayansa da komai, ya ƙi yarda a karɓe shi. A coci Josie ta tashi ta yi magana. Ta zama doguwa, ta fi uwarta tsawo. Ta faɗi yadda Pop ke saurarenta, yadda bai taɓa gajiya da ita ba, muryarta ta karye, ta tsaya, ta ci gaba, rabin mutanen cocin na share ido.

A hanyar komawa gona Clarrie na tuƙi a hankali. Alkama ta fara ja a gefen hanya biyu. Sun kusa kwanar gida ya ce, "Mutumin kirki ne."

Beryl ta ce, "Ƙwarai."

"Zan rasa mai ba ni haushi."

Ta gyaɗa kai. Suka wuce famfon iska, suka wuce kejin tumaki. Ya tsayar da mota a bakin ƙofar shinge amma bai fita buɗewa ba.

"Beryl."

"Na'am."

"In ni ne, kina ganin za ta yi kuka haka?"

Ta juyo ta dube shi sosai, tsohon da ta yi rayuwa da shi, wuyansa ya yi yawa wa kwalar rigar, idonsa ja. Ta so ta yi masa faɗa, sai ta ga da gaske yake tambaya.

Ta ce, "Gawar mutumin ko sanyi ba ta gama yi ba, Clarrie."

"Na sani. Tambaya ce kawai."

"To ka daɗe, ka ba ta abin faɗa. Sauka ka buɗe mana ƙofa, ƙafata ciwo take."

Ya sauka yana dafe da baya, ya ja ƙofar shingen ta buɗe.